Madrid da namun dajin Gashaka: wa hanin ya amfana?

Malam Sani daga Jalingo: Jama'a, ni fa har yau ina kan bakana. Hana fitar da katakon madobiya, wanda muke kira Madrid, talaka kawai ya cuta. Samarinmu sun sayi babura, sun yi aure da kuɗinsa. A 2018 hukumar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashen duniya, ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya, wai don daji da birai. Biri ya fi ɗan'adam ne?

Hajiya Talatu: Malam, nawa ne ya shiga aljihun yaron da ya riƙe injin yanka? Gungumen yana isa Legas, a ɗora shi a jirgi zuwa Sin a yi kujerun alfarma, ribar can ta tafi. Mu aka bari da kututture.

Bello daga Serti: Hajiya, ki bar Malam ya ji wannan. Madobiya abincin shanunmu ce da rani, ganyenta muke sassaɓo musu idan ciyawa ta ƙone. Da aka kwashe ta, makiyaya suka ƙara matsawa cikin gandun namun daji na Gashaka-Gumti, sai a ce mu ne masu ɓarna.

Malam Sani: To ai birin cimfanzi da ake ta kuka a kansa cikin kurmi da kan duwatsu yake, madobiya kuwa a sarari take fitowa. Ina haɗinsu?

Bello: Haɗinsu hanya ce, Yaya. Duk inda mota ta fasa daji don ɗauko gungume, mafarauci zai bi sawunta da bindiga da tarkon waya. Ɓauna da ɗankunya su suka fara shan wahala. Gandun nan tun 1991 aka kafa shi, shi ne mafi girma a Najeriya, kuma irin wannan birin a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa a duniya.

Hajiya Talatu: Kuma ruwan Kogin Taraba daga tsaunukan nan yake gangarowa zuwa Binuwai. Manoman rani a ƙasa da shi suka dogara.

Malam Sani: Na ji maganar hanya, Bello. Amma a ɗauki yaran da suka san dajin aikin gadi, a biya su albashi kan kari. In ba haka ba, wallahi injin yana nan a ɗaki, ba su sayar ba.