Wa ya yi karate ko taekwondo yana saurayi a Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salam 'yan uwa. Akwai wanda ya yi karate lokacin sakandare? Ni kullum bayan asuba muke fita gudu ba takalmi, ga sanyin hunturu, mu dawo mu yi ta maimaita kata, wato tsararren jerin motsin karate, har ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum. Wallahi ina kewar lokacin. Yanzu ɗana ke son shiga, in bar shi?

Bakatsine:
Wslm, bar shi mana yallaɓai. Ni taekwondo na yi, lokacin da Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Olamfik ta Beijing 2008 kowa a ajinmu sai ya ce shi ma zai je, ba mu je ba amma haƙuri da ladabin da muka koya har yau suna mana amfani.

Na Kusugu:
Mu a Daura dambe muka sani, a naɗe hannu da kara a shiga fili bayan kaka. Baba bai so ba sam.

Maman Yara:
Malam ka fara bincikar mai koyarwar tukuna, kuma kada abin ya ci masa lokacin Islamiyya. Allah ya raya mana su.