Sabon Yamaha mai doki 350 ko Suzuki, Mercury da Honda: wanne zai iya da ruwan Legas?

Mai Jirgin Ikorodu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masana injin jirgin ruwa. Jirgin faiba ne na fasinja, tsawonsa mita 10, yana jigila tsakanin Ikorodu da jetin CMS da ke tsibirin Legas, Asabar da Lahadi kuma a ɗauke shi shata zuwa Tarkwa Bay, wurin shaƙatawa a bakin teku. Inji biyu ne a bayansa, tsofaffin Yamaha masu doki 200, irin waɗanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ribar duk a tanki take ƙarewa. Ina so a sauke su biyun a ɗaura guda ɗaya babba. Hankalina ya fi karkata ga sabon Yamaha F350 mai silinda shida da ya fito a 2024, amma ga Suzuki DF350A, ga Mercury mai silinda goma, ga Honda BF350. Wanne ya fi dacewa da ruwanmu da man da muke samu?

Makanikin Apapa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Dokin duk ɗaya ne a rubuce, to mu ajiye shi gefe mu duba nauyi da mai, don nan suka rabu.

Yamaha F350 silinda shida ne, lita 4.3, nauyinsa wajen kilo 285, shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Mercury ɗin ya fito ƙarshen 2022, silinda goma, lita 5.7, kilo 316. Suzuki ya girme su duka, tun 2017 yake kasuwa, silinda shida, lita 4.4, kilo 330. Honda silinda takwas ne, lita 5, yana kusa da kilo 350. Tsofaffin naka kowanne wajen kilo 180 ne, biyun sun kai 360. Ka ga ke nan duk wanda ka ɗauka bayan jirgin bai ƙara nauyi ba, da Yamaha ma zai ragu da kusan buhun siminti ɗaya da rabi.

Sai mai, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. Suzuki 350 yana matse mai da iska da ƙarfi, sau 12 bisa 1, saboda haka kamfanin ya ce a ba shi fetur mai lambar RON 94, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama. Man gidajen mai na nan galibi a kan 91 yake. Idan fetur bai kai ba, sai ya riƙa kamawa tun kafin filogi ya ba da wuta. Kwamfutar injin za ta ji ƙwanƙwasar ta ja lokacin wutar baya don ta kare fistin, ƙarfi ya ragu, ka sayi 350 kana tuƙa abin da bai kai ba. Shi ya sa Suzuki ɗin da kansu suka yi DF325A, jiki ɗaya, farfela iri ɗaya, amma an tsara shi ya sha 91. In Suzuki ranka yake so, 325 za ka tambaya. Mercury da Honda dama a kan fetur na gama-gari aka gina su. Wani abin da ke ruɗa mutane: lambar 87 da ake gani a takardun Amurka ita ce kusan 91 a lissafin RON, 89 kuma kusan 94. Kafin ka biya kuɗin Yamahar, sa dila ya buɗe maka littafin injin ka ga lambar da idonka, ka kuma tabbatar da wane ma'auni aka rubuta ta.

Shan mai kuwa, kowane ɗayansu in ka buɗe masa wuta gaba ɗaya zai sha tsakanin lita 110 zuwa 130 a awa. Tsofaffin naka biyu a irin wannan gudun suna kusa da 160, ban da baƙin man da suke ƙonawa. Amma babban sauƙin a matsakaicin gudu yake, juyi 3,500 zuwa 4,000 a minti, inda sabon zai sauko ƙasa da rabin abin da yake sha in an buɗe masa wuta gaba ɗaya. Mai kafireto irin tsofaffin naka ba ya iya wannan tsumulmular, domin wani ɓangare na fetur ɗinsa ɗanye yake fita ta salansa.

Direban Badore:

Oga Makaniki ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma ni ban goyi bayan inji ɗaya a jirgin fasinja ba, ko wane iri ne. Hanyar Ikorodu kowa ya san halinta idan kainuwa ta sauko wajen ƙarshen damina, ga leda, ga tsohuwar igiya, ga ragar masunta. Leda ɗaya ta rufe ƙofar da inji ke shan ruwa, cikin minti ɗaya ƙararrawar zafi ta kama, kwamfuta ta rage gudu. Mai inji biyu zai ɗaga ɗaya ya share, ɗayan yana riƙe da jirgin. Mai guda ɗaya kuwa ruwa ne zai yi ta jansa da mutum ashirin a ciki, wataƙila kusa da ginshiƙan gadar Third Mainland, ko a mashigar Tarkwa Bay inda manyan jiragen Apapa ke wucewa. Wurin nan ba wurin mutuwar inji ba ne.

Abin da zan ce, Alhaji, a duba Yamaha F200 guda biyu, masu silinda huɗu, lita 2.8, kowanne wajen kilo 220. Su ma ba a haɗa musu mai. An ƙara kilo 80 a baya, gaskiya ne, kuma sabis ya zama biyu: filta biyu, man giya biyu, robar famfon ruwa biyu. Amma dokinka 400 yana nan yadda yake, ramukan ƙusoshin jirgin ma ba sai an sake su ba. Shi kuwa 350 ɗaya, ka rage doki 50, sai dai jan ruwa ya ragu tunda ƙafar inji ɗaya ce a cikin ruwa.

Makanikin Apapa:

Maganarka tana kan hanya ɗan'uwa, sai dai a ƙara da wannan: inji biyu da ke sha daga tanki ɗaya ta filta ɗaya, in ruwa ya shiga man tare za su mutu. Kowa ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai sinadarin methanol. Duk wanda ya zaɓi biyu, to kowanne da layin mansa da filtarsa.

Mai Gyaran Faiba:

Ni a kan jikin jirgin zan yi magana, don shi ake mantawa sai an kawo inji bakin ruwa.

Inji biyu gefe da gefe suke zama, guda ɗaya kuwa tsakiya zai dawo, inda ƙasan jirgin ya fi zurfi. Saboda haka tsawon ƙafar da ta yi wa tsofaffin daidai ba lallai ta yi wa sabon ba. A auna daga saman allon baya zuwa ƙasan jirgi a daidai tsakiya, sannan a zaɓi ƙafa mai inci 25 ko 30. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗara shi kaɗan. In ya yi sama da yawa farfela za ta riƙa shan iska a kwana, inji ya yi ta ihu jirgi bai tafiya. In ya nutse kuma jan ruwa ya ƙaru, mai ya tafi a banza.

Allon bayan kansa, yawancin jiragen faiba katako ne a cikinsa. A ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, inda sauti ya mutu ruwa ya shiga. A huda ƙaramin rami a duba garin da ya fito: busasshe mai haske lafiya lau, baƙi mai danshi ya ruɓe. Ƙarfin da ke rabe a kan ƙusoshi takwas yanzu zai taru a wuri guda, ruɓaɓɓen allo ba zai ɗauka ba. Tsofaffin ramukan a cike su da gam ɗin efoksi, kada a toshe da silikon a ce an gama.

Sannan a sa a lissafi cewa waɗannan manyan da waya ake ba su wuta da giya, ba da kebul irin na da ba. Hannun giya, agogo, wayoyi, sitiyari, batir biyu masu ƙarfi, duk sabo za a saya, kuma sau da yawa farashin da dila ya faɗa bai haɗa da farfela ba.

Malamin Farfela:

To ga batun farfelar, tunda an taɓo shi. Suzuki farfela biyu gare shi a sanda ɗaya, suna juyawa saɓanin juna. Amfaninsu a jirgi mai inji ɗaya babba ne: jirgin ba ya karkata gefe, yana tashi da kaya da wuri, yana kuma jin baya wajen shiga jeti. Illar ita ce a ruwa mai shara irin namu igiya tana shiga tsakaninsu, in kuma aka daki kututture fiffike shida ne a hatsari, ba uku ba.

Ko wanne aka ɗauka, da cikakken lodi ake gwada farfela, ba da jirgi fanko ba. A buɗe wuta duka a duba agogo. Yamaha da Honda su tsaya tsakanin juyi 5,000 da 6,000, Suzuki 350 tsakanin 5,700 da 6,300, Mercury 5,800 zuwa 6,400. In bai kai ba farfelar ta yi masa nauyi, a sauya ta da wadda incin karkatar fiffikenta ya fi ƙanƙanta. Kowane inci ɗaya da aka rage yana ƙara juyi 150 zuwa 200. Injin da ke aiki kullum ƙasa da adadinsa kamar mota ce da ke hawa tudu a giya biyar, a hankali yake cin kansa.

Duk sati a cire farfela a duba bayanta. Zaren kamun kifi yana naɗewa a nan ya yanke robar da ke tare man giya. In man ya fito kamar madara, ruwa ya riga ya shiga. Sabis na farko a awa 20 ne ga na Japan ɗin, daga nan duk awa 100, kuma jirgin haya yana cinye awa 100 cikin 'yan makonni. Filtar da ke raba ruwa da fetur ta zama mai maikiron 10 (ma'aunin ƙanƙantar hudojinta), a zubar da kofinta kowace safiya. Ruwan lagun gauraye ne, gishiri-gishiri, don haka ƙarfen da ake liƙawa gishiri ya ci a maimakon inji ya zama na alminiyam, kuma ba a shafa masa fenti. Ranar da aka je Tarkwa Bay a wanke cikin injin da ruwan famfo na minti 15.

Mai Jirgin Ikorodu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga Makaniki, in kai ne fa, guda ɗayan wanne za ka nuna?

Makanikin Apapa:

Alhaji, in dai ɗaya ne, Yamahar zan nuna, da sharaɗin lambar man ta yi daidai. Ba don ya fi sauran ƙarfi ba. An gina shi ne a kan F300 mai lita 4.2 da ya daɗe yana aiki, kuma Yamaha ne ya fi yawa a jetocin Legas, don haka masu gyaransa sun fi samuwa. Mercury inji ne mai kyau, cajarsa tana ba da amfiya 150, ga shi ba ya tsangwamar mai. Honda ma shiru gare shi. Amma dukkansu sai an jona kwamfuta ake gane ciwonsu, kowane kamfani da tasa manhajar. Kafin ka biya, ka je shagon dilan ka ce a nuna maka kwamfutar da wanda ke aiki da ita, sannan a ɗora maka filtar mai, robar famfon ruwa, injekta da famfon fetur a kan tebur. Wanda ya ce sai an yi oda daga waje, ka tambaye shi kwana nawa, ka lissafa kuɗin fasinjan da jirgin zai rasa yana ɗaure a jeti.