Ƙarfina na minti 1 ya yi ƙasa a jadawali: in canja atisaye ne?

Sarkin Feda:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mahaya keke. Na sanya na'urar auna ƙarfi a fedar kekena, kuma manhajar da nake amfani da ita tana fitar mini da jadawalin mafi girman ƙarfin da na taɓa riƙewa a kowane tsawon lokaci. Nauyina kilo 70 ne. A daƙiƙa 5 na kai wat 880 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi), a minti 1 wat 400, a minti 5 wat 300, a minti 20 kuma wat 260. Manhajar ta ce rauni na yana wajen minti 1, domin nan ne layin ya lotsa. Tseren da nake shiryawa mai dogon hawa ne, wanda kowane tudu yake cin fiye da rabin awa. Shin in rage dogayen atisaye in koma ga gajeru masu zafi har sai wannan lotsawar ta cike, ko kuwa in bar ta yadda take?

Tsohon Ɗan Tsere:

Wa'alaikumus salam, Malam Sarkin Feda. Kafin ka canja komai, ka tambayi kanka ko ka taɓa ware rana guda, bayan ka huta sosai, ka taka minti 1 da iya ƙarfinka har ka ji ƙafafunka sun ƙi juyawa. Jadawalin ba ya nuna abin da za ka iya, abin da ka riga ka yi kaɗai yake rubutawa. Mai yawan hawa dogayen tudu ba ya samun dalilin ƙure kansa a minti 1, saboda haka adadin da ke wurin sau da yawa guntun wani ƙoƙari ne mai tsawo da manhajar ta yanko.

Ba a banza masanin kimiyyar motsa jiki Andrew Coggan ya zaɓi daƙiƙa 5, minti 1, minti 5 da ƙarfin da ake riƙewa na kusan awa guda a teburinsa na tantance mahaya ba, domin kowanne yana dogara ga hanyar samar da kuzari daban. A 'yan daƙiƙun farko tsoka tana cin ajiyarta ta sinadarin fosfokiriyatin, wadda ke raguwa sosai cikin kamar daƙiƙa 10. A minti 1 babban kaso na aikin yana fitowa daga ƙona sukari ba tare da jiran oksijin ba, shi ya sa cinyoyi ke zafi. Minti 5 yana kusa da iyakar oksijin da jiki zai iya sarrafawa. Tudun da ke cin rabin awa kuwa ƙarfin da ake riƙewa na kusan awa guda, wanda ake kira FTP, shi ne yake yanke hukunci a kansa. Idan ka ɗauki kashi 95 cikin 100 na wat 260 ɗinka na minti 20, FTP ɗinka zai kama wat 247, wato kusan wat 3.5 a kowane kilo, kuma wannan adadin ne zai kai ka saman tudu ko ya bar ka a baya. A ganina ɓata makonni wajen cike lotsawar minti 1 domin layi ya yi kyau a allo ba shi da amfani ga tserenka.

Mai Lissafi:

Na yarda da Tsohon Ɗan Tsere a kan batun gwaji, amma ina da ja game da kashi 95 ɗin nan. Ƙiyasi ne kawai, kuma yana yawan kumbura adadin ga mahayin da ke da ƙarfi a gajeren zango, domin ajiyarsa ta gaggawa tana taimaka masa a cikin minti 20 ɗin, alhali ba za ta raka shi awa guda ba. Akwai wata hanya da ta samo asali daga aikin masu bincike Monod da Scherrer na 1965, wadda ke raba ƙarfin da mutum zai iya daɗewa a kansa da ajiyar da yake ci idan ya haura shi.

Ga misali da alƙaluma na kwatance. A ce mahayi ya riƙe wat 330 na minti 3, wato jul 59,400 (jul shi ne ma'aunin aiki, wat sau daƙiƙa), sannan a wata rana ya riƙe wat 270 na minti 12, wato jul 194,400. Bambancin aikin jul 135,000 ne, bambancin lokacin daƙiƙa 540, idan aka raba za a sami wat 250, wato ƙarfin da zai iya daɗewa a kansa. Ajiyarsa kuma ita ce 59,400 a cire wat 250 sau daƙiƙa 180, wato jul 14,400. Ma'anar wannan ita ce, idan ya bi wani da ya ɓalle a tudu da wat 310, yana cin jul 60 a kowace daƙiƙa, kuma cikin minti 4 zai ƙare tas. Sai dai lissafin yana aiki ne tsakanin kamar minti 2 zuwa minti 20, ba ya bayyana gudun daƙiƙa 5, kuma dole gwaje-gwajen biyu su kasance na iya ƙoƙari, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Uwar Tafiya:

Ɗan'uwa, ka duba na'urar ma. Idan a feda ɗaya take, ƙarfin ƙafar hagu take ninkawa sau biyu, kuma bambancin ƙafafu yana iya canjawa idan ka miƙe tsaye kana gudu. Ka riƙa saita ta a sifili kafin ka fara, musamman idan yanayin zafi ya sauya, ka kuma goge duk wani adadi da ya yi tsalle na daƙiƙa guda ba tare da dalili ba, domin zai zauna a jadawali ya ruɗe ka. Sannan ka saita manhajar ta nuna maka makonni 6 ko kwana 90 na baya-bayan nan, ba mafi kyawun abin da ka taɓa yi tun farko ba, kuma kada ka haɗa atisayen keken cikin ɗaki da na kan titi a kwatance guda, tunda zafin ɗaki yakan rage wa mutane da yawa ƙarfi.

Sarkin Feda:

Na gode ƙwarai. Tawa ta feda ɗaya ce, kuma jadawalin yana kan duk tarihi ne. Idan zan yi gwaje-gwajen nan, in haɗa su a rana guda ne?

Tsohon Ɗan Tsere:

Ka raba su. Daƙiƙa 5 da minti 1 za su iya haɗuwa a rana guda idan ka fara da gajeren, ka kuma huta aƙalla minti 10 a tsakani, amma dogon gwajin a ba shi ranarsa. Tunda tserenka yana da tudu fiye da ɗaya, ka ƙara wani gwajin: ka taka minti 20 bayan ka riga ka yi awa 2 a kan keke, ka ga wat nawa suka rage daga 260 ɗin. Idan faɗuwar tana da yawa, dogayen tafiye-tafiye masu ƙoƙari a ƙarshensu ne ya kamata su cika makonka.