Yaro ya bugu a kai, ko farfaɗiya za ta biyo baya?

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum. Ɗan ƙanwata, shekararsa 4, ya faɗo daga kabu-kabu a unguwar Bagalam. Ya suma, a daren ya yi jijjiga sau ɗaya. An sallame su, amma hankalin uwar ya ƙi kwanciya. Akwai gwajin da zai nuna ko farfaɗiya za ta kama shi?

Kawu: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya.

Anti ta Asibiti: Yaya, ba gwajin da ke yanke hukunci, alamu likita ke haɗawa. Jijjigar cikin kwana 7 na farko ba farfaɗiya ba ce, wadda ta zo bayan nan ita ake tsoro. Haɗarin ya fi yawa in ƙashin kai ya lotsa ciki, ko jini ya taru, ko suma ta wuce awa 24. Me sikanar, na'urar ɗaukar hoton cikin kai, ta nuna?

Maman Ƴan Biyu: Ba su yi ba, rediyo, wato hoton ƙashi, kawai aka ɗauka.

Baban Yara: Su koma a yi, ko da sai an je Yamai. Tawa ɗiyar daga katanga ta faɗo, aka ɗinke wurin aka ce mu tafi, ba wanda ya ce mu sa ido. Ta warke sarai, har ta shiga lakwal. Can sai ta fara ƙura ido wuri ɗaya, tana tsotsar leɓe, ka kira ta shiru. Kakarta ta ce iskoki ne, muka yi ta turare da rubutu har ranar da ta faɗi gefen murhu. Yanzu tana shan Gardénal, maganin farfaɗiya, ta samu sauƙi sosai.

Hajiya Babba: To rubutun me ya yi maka?

Baban Yara: Hajiya, ban zagi rubutu ba, jinkirin nake faɗi.

Anti ta Asibiti: Kada dai kowa ya sayo Gardénal da kansa. Maganin da ake bayarwa a makon farko jijjigar lokacin yake tsarewa, ba ya hana wadda ke zuwa daga baya. Galibi cikin shekara 2 take bayyana. In ta zo, a kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali a baki. Ta wuce minti 5, sai asibiti.

Kawu: Cokalin ma? Da shi muka tashi.

Ɗan Kabu-kabu: Kullum mu ne da laifi. Uwa ta hau da goyo, ga biyu a gaba, ga buhun gero!

Hajiya Babba: Kai kuwa ka ƙi ɗauka mana. Wa ya tilasta ka?