Gidan abincin da ke unguwar Tobita, a birnin Osaka na Japan

Baban Hafsa, Fagge: Jama'a, ƙanena zai je Osaka sayo kayan gyaran mota. An yaba masa wani gidan abinci, Taiyoshi Hyakuban, amma wai da can gidan karuwai ne. Haka ne?

Malam Garba: Haka ne, Alhaji. Ginin katako ne mai bene, ɗakuna duk zane da sassaƙa. Dokar hana karuwanci ta kankama a 1958, daga baya ya koma gidan abinci, a 2000 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi. Kana zaune kan tabarma, tukunya na tafasa gabanka.

Maman Khalil: Yaya, unguwar Tobita da gidan yake fa har yau ba ta shiryu ba. Gara ya ga Sumiya, wani tsohon gidan liyafa a birnin Kyoto, tun 1641 yake, yanzu gidan tarihi ne.

Ɗan Kwari: In ya nace, ya tambaya ko akwai alade ko giya a romon.