Ɗana mai shekara 10 yana son in koya masa tuƙin tarakta, mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda ba

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Wata magana ce ta raba mana kai a gida, na ga gara in kawo ta gabanku.

Ina noman shinkafa da alkama da tumatir a yankin Kadawa, ɓangaren Garun Malam. Bara Allah ya hore mini na sayi tarakta Massey Ferguson 375 ta hannu, da haro da rija da tirela. Wahalar direbobin haya ce ta sa na koyi tuƙin da kaina: yau ya zo, gobe ba ka gan shi ba, man gas kuma ya ƙare ba a san inda ya bi ba.

Babban ɗana shekararsa 10. Tun da motar nan ta shigo gida ba shi da zance sai nata. Nakan ɗora shi a cinyata ya riƙe sitiyari idan muna fili, kuma wallahi hannunsa ya faɗa. Niyyata a hutun nan in bar shi shi kaɗai a kujera, a giya ta ɗaya, ni ina tafe a gefensa. Mahaifiyarsa ta ce sam, ta kai ni ƙara wajen Hajiyata, ita ma ta goya mata baya. Ni kuwa a shekarunsa ina riƙe da garmar shanu a bayan mahaifina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba na so ya tashi yana raina noma. Shin akwai laifi idan ina tsaye a kansa? In babu, ta ina zan fara?

Tsohon direban tarakta, Haɗeja:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sanya alheri a motar, ya raya yaro. Niyyarka mai kyau ce, amma Hajiya da mai ɗakinka sun fi ka gaskiya a wannan karon.

Garmar shanu da ka kawo misali ba ɗaya suke da tarakta ba. Sa yana jin tsawa ya tsaya, in yaro ya faɗi a gabansa yakan kauce. Tarakta ba ta ji, ba ta gani, kuma nauyinta ya haura tan biyu tun ba a ɗaura mata komai ba.

Ka ce za ka riƙa tafiya a gefe. To in ya rikice, me za ka yi? Daga ƙasa hannunka ba ya kaiwa kulochi, ba ya kaiwa birki. Sai dai ka yi tsalle ka hau tana tafe, matakalar kuwa a gaban babbar tayar baya take. Santsi ɗaya, kai ne a ƙarƙashi, yaro kuma yana sama yana kallo bai san yadda zai tsayar ba. Tsayuwarka a gefe hankalinka kawai take kwantarwa.

Ga gwaji, ka yi shi yau da inji a kashe. Ya zauna bayansa ya jingina da kujera sosai, ya taka kulochi har ƙasa ya riƙe, ɗaya ƙafar ta danne birki biyun, ba tare da ya miƙe ko ya rataya a sitiyari ba. Kulochin 375 yana da tauri ko ga babba. Yaron da sai ya zamo gaba kafin ƙafarsa ta kai, ranar da ta zame masa motar za ta yi tsalle ne.

Sannan ka tuna inda kake noma. Kadawa duk kanal ce da gaɓa da fangali. Birkin tarakta biyu ne, na dama da na hagu. Ya taka ɗaya kaɗai a kan gaɓar kanal, ta juya da shi cikin ruwa. In kuma tayoyin baya suka kafe a taɓo ya ƙara wuta, ko aka ɗaura sarƙar ja sama da inda aka tanada, gaban motar ne zai ɗaga ta kifo ta baya, kuma hakan ba ya cika daƙiƙa biyu. Babba mai ƙwarewa da ƙyar yake samun taka kulochi a wannan lokacin. Yawancin taraktocinmu kuwa ba su da ƙarfen kariya a saman direba.

Batun cinya ma a daina shi daga yau, don Allah. Kujera ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Rami ɗaya ya isa ya fizge shi daga hannunka, bayanku kuma ga taya ga faifan haro.

Manomin masara, Saminaka:

Ni dai ina ganin ana tsorata Alhaji fiye da kima. Ban kai shekara 13 ba na fara juya tarakta a gonar kawuna, ga ni nan lafiya lau, da ita na yi aure na gina gida. Yaran yanzu an shagwaɓa su, shi ya sa za ka ga ƙato yana da gona amma bai san yadda ake ɗaura rija ba. Turawan da suka ƙera motar ma ai muna ganin yaransu a bidiyo suna tuƙi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ka koya masa kawai, ka haɗa da addu'a.

Injiniyan aikin gona, Samaru:

Yaya na Saminaka, Allah ya ƙara tsarewa, amma waɗanda motar ta danne ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Tunda ka ambaci Turawa, bari a faɗi yadda abin yake a wajensu. A Ingila doka ta hana yaron da bai kai shekara 13 ba tuƙa tarakta a gona, ta ma hana a ɗauke shi a kanta, ko da gonar ubansa ce, ko da uban ne ke tuƙi. A Amurka ba a yarda a ɗauki yaro ƙasa da shekara 16 aikin tuƙa tarakta mai ƙarfin doki sama da 20 ba, sai ɗan 14 ko 15 da ya yi horo na musamman ya samu takardar shaida. Gaskiya ne dokar ta ɗaga wa iyaye ƙafa a gonarsu, shi ya sa kake ganin waɗancan bidiyoyin, amma kuma tarakta tana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe yara a gonakin ƙasar. Motar Alhaji ƙarfin dokinta wajen 75 ne, kusan ninki huɗu na iyakar da suka sa.

A nan gida kuma lasisin tuƙi sai shekara 18. Alhaji, gonarka kusa take da titin Kano zuwa Zariya. Yaron da ya iya tuƙi a gona, wata rana za a ce ya miƙa kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan da tirela, "ai nan da nan ne". Ka san yadda manyan motoci ke gudu a wannan titin.

Abin da ya fi damuna ba ƙarfin ƙafa ba ne, shi wannan zai zo da girma. Ɗan shekara 10 bai gama iya auna nisa da gudu ba, kuma ba ya iya raba hankalinsa gida uku: gaba, da kayan aikin da ke baya, da mutanen da ke kewaye. In aka yi masa ihu daskarewa yake yi. Wayo da ƙwazo ba sa maganin wannan.

Ma'aikaciyar jinya, uwar yara:

Alhaji ka yi haƙuri, ni zan yi magana ne a madadin mahaifiyar yaron. Lokacin casa ba ma rasa ganin hannun da injin sussuka ya cinye, kuma da yawa yara ne da aka ce su riƙa tura dami. Na taɓa karɓar wani yaro da hannun rigarsa ya naɗe a shaf ɗin bayan tarakta, wato ƙarfen nan mai juyawa da ke juya kayan aiki, mahaifinsa yana tsaye bai fi taku uku ba. An ceto ransa, ba a ceto hannun ba. Uban har aka sallame su bai iya haɗa ido da uwar ba.

Wani abu da ba a faɗa ba: yaron da ya iya tayar da mota zai tayar da ita ranar da ka tafi Juma'a ko kasuwa, don ya nuna wa abokansa. Ƙannensa kuma suna wasa a inuwarta, wanda ke kujera ba ya ganin ɗan ƙaramin da ya tsuguna a bayan taya. Makulli ya riƙa kwana a aljihunka. Ƙarar injin ma tana cin kunne sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kar ka ɗauki maganar matarka a matsayin tsoro irin na mata. Ɗanta ne kamar yadda yake ɗanka, tana da haƙƙi a shawarar. Ka zaunar da ita ku tsara abin da zai koya bana da abin da zai jira.

Bakaniken manyan motoci, Kura:

Alhaji maƙwabci, ni ba zan ce ka kore shi daga motar ba. Sha'awar nan tasa dukiya ce, in ka kashe ta ba lallai ta dawo ba. Ka koya masa tarakta, amma tuƙi shi ne darasin ƙarshe. Mu a gareji yaro yana shekaru yana wanke noti da miƙo sifana kafin a ba shi makulli, kuma direban da ya bi ta wannan hanyar daban yake da wanda ya faro daga sitiyari.

Kowace safiya, inji a kashe, makulli a hannunka, haro ko rija an sauke su ƙasa, ku zagaya motar tare. Ya zaro sandar awo ya duba baƙin mai. Ya duba ruwan lagireto da sanyin safiya, ka nuna masa dalilin da ba a buɗe murfin da zafi. Ya kakkaɓe filtar iska, wadda ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa ke toshewa. Ya san kowane wurin da ake ɗura giris, ya ƙirga su da bakinsa. Ya duba iskar taya da notin da ya saki. Ka hana shi laluben yoyon haidirolik da hannu, don man da ke fita da matsi yana huda fata ya shiga tsoka, kuma kar ya taɓa shiga ƙarƙashin kayan aikin da aka ɗaga sama, tiyo ɗaya ya fashe sun sauko.

Shaf ɗin da Hajiya ma'aikaciya ta faɗa, fitiyo, yana juyi 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Mu kuma mutanen kaftani ne da babbar riga da rawani. In murfinsa ya ɓace, kamar yadda yake a yawancin na hannu, ka nemo a mayar. Ka zana wa yaron iyaka a ƙasa, in inji yana aiki ba ya tsallake ta.

Ka ba shi littafi ya riƙa rubuta lita nawa aka zuba, kadada nawa aka yi haro, nawa aka karɓa. Da man kukanka ɓatan man gas ne, to ga mai lissafinka a gida, kuma zai ji shi ma yana da matsayi a harkar.

In ya kai 14 ko 15, ya ci gwajin da Baba na Haɗeja ya faɗa, sai a fara da motar tsurarta, babu haro babu tirela, a fili mai faɗi nesa da kanal, ƙaramar giya, birki biyun a haɗe, babu kowa a kusa. Abin da zai fara ƙwarewa a kai tsayawa ne da kashe inji, sai ya yi su ba tare da ya kalli ƙafarsa ba. Haro ya biyo baya, taɓo da gangara sai ya ƙara shekaru, titi kuma sai da lasisi.

Wani malami a zauren:

Ga ɗan'uwa da ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa: haka ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Yaro amana ne, kuma uba abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Koyar da sana'a lada ne, jinkirta ɓangarenta mai haɗari har ya yi ƙwari ba ya rage ladan.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi gwajin da yamma. Sai da ya miƙe tsaye ya riƙe sitiyari da hannu biyu kafin kulochin ya kai ƙasa. Ya ga abin da idonsa, don haka bai yi musu ba, ko da yake ransa bai so ba. Na sayo masa littafin lissafi, gobe za mu fara zagayen safe, mahaifiyarsa kuma ta amince da wannan.

Malam bakanike, tambaya biyu. Makunnin motar ya lalace, da sukundireba muke haɗa sitata daga ƙasa, kuma yaron ya sha ganin yadda ake yi. Sannan akwai mai walda da ya ce zai haɗa mini ƙarfen kariya da bel.

Bakaniken manyan motoci, Kura:

Subhanallah, Alhaji, wannan makunnin ya fi komai gaggawa. Mai haɗa sitata daga ƙasa a gaban tayar baya yake tsaye, in an manta motar a giya kansa za ta fara bi, kuma ɓoye makulli ba shi da amfani tunda yaro ya san hanya. Kar ta sake fita aiki sai an gyara, a kuma mayar da wayar da ke hana ta tashi in ba a firi take ba, don masu gyara sukan tsallake ta. Kafin nan ka riƙa cire kan batir da dare.

Ƙarfen kariya kuma kar ka yarda a haɗa shi da bututun ruwa ko ƙarfen ƙofa. Zai lanƙwashe a kan direba ranar da ake buƙatarsa. Ka nemi na asali da aka yi wa irin motarka, wanda ake ɗaurewa da noti a kan gatarin baya. Masu sayar da kayan tarakta na hannu sukan samu daga waɗanda aka kwance. In ya samu sai a sa bel a riƙa ɗaurawa. In bai samu ba tukuna, kar a sa bel shi kaɗai, don zai riƙe direba ne a kujera motar ta kife a kansa.