Hallucination: gane-gane ne, sambatu ne, ko shaci-faɗi?

Mai buga takardu, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema. Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda mu a nan muke ce wa IA, sun riga sun shiga shagunanmu. Ana sa su rubuta wasiƙar neman kaya zuwa Duwala, su juya Faransanci zuwa Turanci saboda abokan ciniki na Mubi da Yola, su yi lissafin riba. To suna da wani hali da Faransawa da Turawa duka suke kira hallucination. Ka tambayi manhaja abin da ba ta sani ba, ba za ta ce maka ban sani ba, sai ta ƙera amsa tsaf, da lamba da kwanan wata, ko gezau. Ina shirya 'yar takarda da Hausa kan yadda ɗan kasuwa zai gwada manhaja kafin ya ba ta amana, a nan na cije. In na bar kalmar yadda take, Alhajin da ke lodin albasa zai zaci sunan magani ne.

Kuma abin ba wasa ba ne. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo wa kotu shari'o'i shida da manhajar ChatGPT ta ƙaga musu, babu ko ɗaya da aka taɓa yi a duniya. A farkon 2024 kuma aka hukunta kamfanin jiragen sama na Air Canada: manhajar da ke amsa wa abokan ciniki a shafinsu ta gaya wa wani mutum da kakarsa ta rasu cewa ya sayi tikiti, daga baya ya nemi rangwamen ta'aziyya, alhali dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya ce ai manhaja ce ta faɗa, aka ce manhajarku ce, ku biya. Idan mai jiragen sama bai tsira ba, ina ga mai butik?

Malamin makaranta, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ai kalmar a asibiti aka samo ta, kuma muna da tamu: gane-gane. Mai zazzaɓi mai zafi yana gane-gane, yana ganin abin da babu. A ce gane-ganen na'ura, shi ke nan.

Mai buga takardu, Garwa:
Na gode, Malam, ita ce ta fara zo mini. Amma a fassara ta yi daidai, a aiki ba ta yi ba. Gane-gane aikin ido ne, na'urar kuwa ba ganin komai take ba. Abin da take yi shi ne jera kalma bayan kalma, tana zaɓen wadda ta fi kama da abin da ya saba biyowa a tulin rubutun da aka horar da ita da shi. Su kansu masu abin da yawa ba su gamsu da sunan da suka sa ba. Me zai sa mu ari rigar da ta matse mai ita?

Hajiya mai atamfa, Kusiri:
Ku 'yan boko kuna son wahalar da kanku. Ƙarya sunanta ƙarya. Ɗana ya tambayi wata a cikin manhajojin nan kuɗin duwan, wato kwastan, na atamfa in za a haye gadar Ngeli da ita zuwa Njamena, ta zayyano masa kaso kaza, har da lambar doka. Da ya kai wa mai fitar mana da kaya, dariya ya yi, ya ce wannan doka bai taɓa jin ta ba. In yaron shagona ya yi mini haka, maƙaryaci zan kira shi.

Mai buga takardu, Garwa:
Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Yaronki in ya yi ƙarya ya san gaskiyar, ɓoye ta ya yi. Kina iya tsare shi da ido, ki ce ya rantse, ya rushe. Ita wannan ba ta san ta kauce ba, kuma nan ne haɗarin yake. In muka ce ƙarya, mutum zai zaci yana iya ce mata "faɗa mini gaskiya" ta gyara. Sau da yawa haƙuri za ta ba ki da ladabi, ta kawo wata sabuwar lambar dokar, ita ma ƙagagga.

Mai gyaran waya, Ngaundare:
Yaya, sambatu fa? Ko soki-burutsu.

Malamin makaranta, Marwa:
A'a ƙanena, waɗannan ko ni ban yarda ba. Mai sambatu daga bakin ƙofa ake gane shi, maganarsa ba kai ba gindi. Wannan kuwa Faransancinta ya fi na mai karanta labarai a rediyo tsabta. Da sambatu take yi, da ba wanda ta cuta.

Dattijo mai canji, Njamena:
Na daɗe ina karanta ku. Kalmar tana bakinku kullum, kun tsallake ta: shaci-faɗi. Mutum bai je ba, bai gani ba, bai tambaya ba, amma ya buɗe baki ya yanke magana kamar a gabansa aka yi. Ba lalle yana nufin cuta ba, wani lokaci ma ya dace ya faɗa daidai. Mu a wurin canji mun san irinsu. A tambayi farashin naira yau, wanda bai leƙa kasuwa ba tun shekaranjiya shi zai riga kowa amsawa.

Mai gyaran waya, Ngaundare:
Baba, da girmanka, akwai gyara. In haka ne, ai duk abin da na'urar ta faɗa shaci-faɗi ne, har wanda ta dace. Kalmar Turawan kuwa ɓangaren da ta kauce kawai take nufi.

Mai buga takardu, Garwa:
Wannan gyaran naka shi ya ƙara sa na karkata ga kalmar Baba. Gaskiya ne ta ɗan fi faɗi, amma faɗin nan riba ce ga ɗan kasuwa. Wanda aka ce masa "manhajar nan tana shaci-faɗi" ya riga ya san abin yi, don Bahaushe ba ya musa wa mai shaci-faɗi, ba ya kuma ɗaura kaya a kan maganarsa sai ya bincika. Gane-gane tausayi take jawowa, ƙarya faɗa take jawowa, ita kuwa wannan bincike take jawowa.

Ku duba yadda take zama a cikin takardar. Kafin ka yarda da sabuwar manhaja, auna shaci-faɗinta da abin da ka riga ka sani. TVA, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari, ce mata ta fitar maka na kayan sefa 200,000. In ba ta ce 38,500 ba, an gama magana. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, gwada ta da shi. Sannan ka ɗana mata tarko: ƙagi sunan wata doka ko wani kamfani da babu shi, ka ce ta yi maka bayani. Wadda ta ce ba ta san shi ba, a ci gaba da ita. Wadda ta shiga zuba, a bar mata gyaran wasiƙa kawai, kada a kai ta kusa da haraji ko yarjejeniya. A yi tambayar da Faransanci, a sake ta da Hausa, domin yawancinsu sun fi tuntuɓe a harsunanmu, rubutunmu da suka ci kaɗan ne. Kuma lokacin gwaji da sunayen bogi ake yi. Littafin bashi, lambobin wayar masu sayayya, lambar sirri ta asusun kuɗi na waya, Orange Money ko MoMo, ba a zuba su a manhajar da ba ka san inda take ajiye magana ba. Samsung ma da girmansa ya taƙaita wa ma'aikatansa irin waɗannan manhajoji a 2023 bayan wasu sun liƙa sirrin aiki a ciki.

Hajiya mai atamfa, Kusiri:
To na ji. Ku rubuta shaci-faɗi a takarda, ni dai a shago ƙarya zan ci gaba da ce mata.

Malamin makaranta, Marwa:
Na janye gane-gane, a bar wa likitoci abinsu. Sharaɗina ɗaya: a riƙa cewa "shaci-faɗin na'ura" a farkon ambato, don kada a zaci mai shagon ake zagi. Kuma Malam, rabin masu butik a Marwa Fulatanci ne a bakinsu. A samo mana wanda zai nemo tasu kalmar kafin ka kai takardar inji.